Kunnen Jar Saniya

Maharazu bai iya zama wuri ɗaya ba, duk Illela an san shi da haka. Matarsa Lubabatu takan ce ko tuwo rabinsa a tsaye yake ci. Malamin zane ne a wata sakandare da ke gefen gari, amma abin da ya ɗauke masa rai shi ne zane da fentin ruwa, irin wanda ake jiƙa launi a faranti a shafa wa takarda mai kauri. Wanda ya san zafin Illela kuwa ya san neman rigima ne mutum ya zaɓi aikin da ruwa ne ginshiƙinsa. Kafin ka ɗaga buroshi ka sake tsomawa takarda ta bushe ƙayau, launin ya tsaya inda ya ga dama, ya bar maka shati kamar na gumi a bakin hula. Shi ya sa da gudu yake aiki, yana huci, yana yi wa takarda faɗa kamar tana jinsa. Ko fentin ne ya koya masa gaggawa, ko gaggawar ce ta kai shi ga fentin, wannan ko shi bai sani ba.

Wuri ɗaya aka taɓa ganin ya natsu, shi ne bakin tabkin Kalmalo, inda Jaɓɓo ke kai shanunsa shan ruwa. Jaɓɓo Bafulatani ne dogo siriri, ya ba sittin baya, kuma magana tana yi masa tsada. Shekara bakwai ke nan da ya tarar da Maharazu durƙushe a bakin ruwa yana shafa wa farar takarda ruwa zalla. Ya dogara da sandarsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai kuma mi takarda tay yi maka kaka jiƙa ta?" Tun ranar ya raɗa masa suna Jiƙau, bai ƙara kiransa da wani suna ba. Shi kuma Maharazu Baffa yake ce masa.

Duk Asabar sai Maharazu ya hau babur ya je. Jaɓɓo ya miƙo masa ƙwaryar nono ba tare da ya dube shi ba, kamar yadda mutum ke miƙa wa ɗansa. Shi ya koya masa cewa farar saniya ba fara ba ce: akwai toka-toka a ƙarƙashin wuyanta, akwai ruwan ƙasa a cinyarta, da hantsi kuma har shuɗi-shuɗi takan yi. 'Yan'uwan Maharazu duk 'yan kasuwa ne, masu kai albasa da wake tsallaken iyaka, kuma babu wanda bai taɓa tambayarsa amfanin wannan shafe-shafen ba. Jaɓɓo ne kaɗai bai taɓa tambaya ba. Tun rasuwar mahaifinsa, Maharazu bai ƙara samun dattijon da yake jin kunya yake kuma ƙauna irin wannan tsoho ba.

Mako uku kafin abin da za a ba da labarinsa, a ƙarshen damina, Jaɓɓo ya yi abin da bai saba ba. Garkensa duk farare ne masu gajerun ƙaho, sai wata ja guda ɗaya mai dogayen ƙaho, tana yawo da karsana da ɗan maraƙi a bayanta. Ranar sai ya kama jar ta ƙaho ya jawo ta gaban Maharazu, ya juya kanta.

"Wagga za ka yi yau, Jiƙau. Ka diba kunnenta da kyau."

Maharazu ya duba. Kunnen hagu tsaga biyu ne a jere, na dama an datse masa baki. Ya san shaidar gidan su Jaɓɓo tsaga ɗaya ce tak a kunnen dama, don ya zana ta ya fi sau ɗari. Ya lura da bambancin, amma takarda tana bushewa, ba shi da lokacin tambaya. Ya kai jan launi kan kunnen, ya bar layi biyu sirara na farar takarda bai taɓa su ba, su ne tsagar. Ranar hannunsa ya yi masa biyayya. Jaɓɓo ya riƙe saniyar har hantsi ya yi zafi bai ce ya gaji ba. Da aka gama, Maharazu ya san bai taɓa yin zane mai kyan wannan ba.

Da ma tun kafin ranar ya faɗa wa Jaɓɓo yana tunanin baje zanensa a kasuwa, amma wannan zanen ne ya ƙarfafa masa gwiwar fitowa bainar jama'a karon farko. Yayansa Muhyiddeen ya ara masa rumfar gaban shagonsa da ke kan hanyar kara, wato kasuwar shanu, ranar Lahadi, ranar da kasuwa ke ci. Tun da asuba Maharazu ya hana gidan sakat. Ya kwance igiyar shanyar Lubabatu, ya kwashe mata maƙalan kaya, ya fita ya dawo sau uku, da farko ya mance faranti, sannan ya mance gorar ruwa, na uku kuma shi kansa bai san abin da ya dawo nema ba.

"Malam, don Allah tai abinka," in ji Lubabatu. "Takardu na, ba amarya za ka kai ba."

Ya rataye zane ashirin da uku, ya sa jar saniya a tsakiya. Iska ta riƙa kaɗa su, shi kuma yana bin su yana gyarawa. Mutane suka fara tsayawa. Wata mai tallan fura ta tambaye shi me ya sa bai ƙarasa shafe sama ba, ko fentin ne ya ƙare. Wani direban babbar mota ya ce in zai iya yi masa zaki a bayan motarsa su yi magana. Wani dattijo ya daɗe a gaban zanen masu jiran tsallaka iyaka, ya ce ai wancan mai jar hula da ya juya baya ƙanensa ne, ya gane shi ta tsayuwa. Wannan ta yi wa Maharazu daɗi har ya kasa ɓoyewa. Muhyiddeen yana cikin shago yana auna wake, yana leƙowa jifa-jifa da fuskar wanda bai yanke shawarar ko ya yi alfahari ko ya ji kunya ba.

Wajen ƙarfe sha ɗaya wani tsoho ya zo wucewa, rawaninsa ya koɗe, da igiya a kafaɗa. Ya wuce rumfar, sai ya ja ya tsaya, ya dawo da baya. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa takardar jar saniya. 

"Wa yay yi wanga?"

"Ni na, Baba."

"Ina kag gane ta?" Tsohon ya ɗora yatsa kusa da kunnen. "Tsaga biyu ga hagu, datsi ga dama. Shaidar ubana ta. Ni Halliru, daga wajen Ƙonni, tsallaken iyaka. Shekara ukku ina biɗar saniyar ga. Babu kasuwad da ban taka ba, nan da can. Ina take?"

Muryarsa ta ɗaga ba da niyya ba, mutane suka fara taruwa. A cikinsu akwai Bashar, ɗan banga, mutum mai faɗin ƙirji da son a san yana wuri. Ya kutso ya dubi zanen.

"Wanga ai bakin Kalmalo na, ga giginyun nan. Malam, garken wa na? Hwaɗi muna. Yanzu haka shanun sata na anka ɓoye can."

Maharazu ya dubi kunnen da ya zana. A lokaci ɗaya ya tuna tsaga ɗayar gidan su Jaɓɓo, ya tuna jar saniya ita kaɗai a cikin farare, ya tuna bai taɓa jin an ce ga inda aka sayo ta ba. Ya kuma tuna abin da ya faru bara a wani ƙauye, inda aka yi wa wani makiyayi dukan da bai ƙara tashi ba a kan tunkiya, sai bayan an rufe shi aka gane tasa ce. A 'yan shekarun nan ba a jiran alƙali idan aka haɗa sunan Bafulatani da saniyar da ba tasa ba. A ransa ya hango Jaɓɓo a tsakiyar irin wannan taro, dogo, shiru, ba zai ma buɗe baki ya kare kansa ba. Tsoro ya kama shi ƙwarai.

"Ba garken kowa ba na," in ji Maharazu. "Daga kaina niy yi ta. Mu masu zane haka muka yi."

"Daga kanka?" in ji Halliru. "Har da tsaga? A'a, ɗana. Tsaya, tsaya nan. Akwai mutumin garinmu cikin kara, ya san ta tun tana maraƙa. Bari in kira shi shi gani."

Ya juya da sauri, Bashar ya bi shi yana buɗa masa hanya, rabin taron ya bi su. Sauran suka koma kallon wata mota da ta maƙale da amalanke a bakin titi. Maharazu ya tsaya shi da jar saniya. Gorar ruwa tana ƙasa kusa da ƙafarsa. Bai tsaya tunani ba, shi da ma bai saba ba. Ya tsoma buroshi ya cika shi da ruwa, ya ɗora a kan kunnen hagu, ya murza. Fentin ruwa ba ya gardama da ruwa. Jan ya narke ya malala cikin fararen layukan nan biyu ya cinye su. Ya yi wa na dama haka, ya danna da bakin rigarsa. Zafin rana ya ƙarasa masa aikin kafin ya ajiye buroshin.

Da suka dawo da mutumin, wani mai gemu ja da lalle, babu abin gani sai wani dabbare-dabbare kamar an zubar da zoɓo. Mai gemun ya duba, ya sake dubawa.

"Halliru, ina tsagar?"

"Tana nan yanzu! Wallahi na gane ta da idona!"

"Baba, rana ta," wani ya ce daga baya. Aka yi dariya. Bashar ya yi tsaki ya ce tsofaffi sun iya tayar wa mutane da hankali, ya tafi abinsa. Mai gemun ya dafa kafaɗar Halliru ya ce ya riƙa haƙuri, abin da ya tafi ya tafi, kada ya bari saniya ta taɓa masa kai, kuma ya tuna motarsu za ta tashi bayan la'asar.

Halliru ya juyo. Ya dubi bakin rigar Maharazu, inda jan fenti ya yi tabo, sannan ya dubi fuskarsa. Ya gyara igiyarsa ya tafi. Da ya zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Maharazu ya kasa tsayawa a rumfar. Ya zagaya ta, ya gyara zanen da ba ya buƙatar gyara, ya sha ruwan wanke buroshi bai sani ba sai da ya ji ɗaci. Idan Bashar ya sake tunani fa? Giginyun Kalmalo ba ɓoyayyu ba ne. Ya cire jar saniya daga igiya ya naɗe ta ya cusa a jaka, ya ce wa Muhyiddeen ya duba masa sauran.

"Kai da kat tara mutane, kai za ka gudu?" in ji Muhyiddeen.

Bai ji ƙarshen maganar ba, ya riga ya tayar da babur.

Hanyar Kalmalo damina ta ɓata ta, ramuka da yashi, amma bai rage gudu ba. Yana tafe yana shirya abin da zai ce. Zai ce wa Baffa ya kora jar ta yi nisa, ko ya kai ta wajen dangi can cikin daji har ƙura ta lafa. Ba zai tambaye shi yadda aka yi ba. Kowa yana da abin da ya taɓa yi a shekarar wahala. Har ya fara jin daɗin kansa kaɗan, yana ganin ya yi abin da ɗa ke yi wa uba.

Ya tarar da Jaɓɓo a inuwar wata ƙirya, ya idar da azahar, shanu suna kwance suna tuƙa.

"Jiƙau? Yau Lahadi. Ina takardun?"

Maharazu ya sauka ko babur bai kafe da kyau ba, ya durƙusa ya zayyana masa komai a guje: tsohon, tsagar, Bashar, taron. Jaɓɓo da ke jan carbi ya tsaya cak. Fuskarsa ta yi wani haske da Maharazu bai taɓa gani ba.

"Alhamdu lillahi. Mai ita ya hito? Yana ina? Kun zaka tare?"

"A'a, Baffa, kwantar da hankalinka. Ban hwaɗi ba. Na ce daga kaina niy yi ta. Na ma goge kunnen, babu wanda za ya gane." Ya zaro takardar ya warware. "Diba. Amma gara ka kau da ita daga nan, ko kwana kaɗan na."

Jaɓɓo ya karɓi takardar. Ya daɗe yana kallon inda kunnen yake a da. Can ya ce, a hankali, "In kau da ita. Don mi?"



"Shekara ukku da sunka wuce," in ji Jaɓɓo, "anka yi wani ruwa da iska. Da sahe nit tashi na ishe ta cikin garkena, da ciki, tana rawar ɗari. Na kai magana ga Arɗo. Na kai ga sarkin kara. Mu haka muka yi tun kakanni: dabbad da tab ɓace tas shigo hannunka, amana ta. Ba ka saisuwa, ba ka yankawa, ba ka taɓa kunnenta. Nononta kaɗai ad naka, ladan kiwo. Abin da ta haihwa na mai ita na. Ka jira shi ko shekara goma ta." Ya nuna karsanar da ɗan maraƙin da sanda. "Waɗanga ko tsaga ban yi musu ba. Ba ka gani ba? Kai da ka ganin shuɗi ga hwarar saniya?"

Maharazu ya duba. Kunnuwansu lafiya lau, babu ko ƙwarzane. Ya zana su haka da hannunsa.

"Na tsuhwa, Jiƙau. Kullum ina tunanin in mutu da kayan mutane ga hannuna, ɗiyana su raba da su cikin gado. Ƙahwata ba ta kai kasuwanni yanzu. Da kac ce za ka rataya takardu inda mutanen ƙasa biyu ka wucewa, nic ce to, takardar Jiƙau ta tai inda ban iya zuwa. Shi as sa nir riƙe maka ita har hannuna yam mutu."

"Baffa, ba ka hwaɗa min ba."

"Ban hwaɗa ba." Ya miƙo masa takardar. "Ɓarawo na barin kunne shekara ukku? Ɓarawo na kama ƙaho shi ce a zana shaida?" Muryarsa ba ta ɗaga ba ko kaɗan. "Shekara bakwai kana shan nono ga ƙwaryata. Mutum guda yat tambaye ka, kag goge."

Kunya ta rufe Maharazu har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya so ya ce tsoro ne, ya so ya ce don ƙauna ya yi, kuma duk gaskiya ne. Amma ya san akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinsu: a daidai lokacin da ya tsoma buroshin nan, ya yarda Baffa ya ɗauki abin da ba nasa ba. Bai ko yi shakka ba.

"Motarsu bayan la'asar za ta tashi," ya ce, ya miƙe.

Jaɓɓo bai ce ya je ba, bai ce kada ya je ba. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Komawar ta fi zuwan wuya. Yashi ya kayar da shi sau ɗaya, gwiwar wandonsa ta yage. Ya shiga Illela ana kiran la'asar, ya tsaya ya yi salla a wani masallacin bakin hanya, Allah ya yafe masa irin saurin da ya yi ta. Kara ta fara watsewa, ana loda shanu a manyan motoci. Ya tambayi dillalai, suka ce mutanen Ƙonni sun nufi tasha. A tasha 'yan kamasho suka ce motar ba ta daɗe da tashi ba, wata fara mai buhunan dusa a sama. Ya bi hanyar iyaka yana kutsawa tsakanin amalanke da masu babura ɗauke da jarkoki, ana zaginsa yana ba da haƙuri bai waiwaya ba.

Abin da ya cece shi layin bincike ne. Motoci sun yi jerin gwano kafin shingen, farar tana ta huɗu. Ya jefar da babur a gefe ya bi tagogi yana leƙawa. Halliru yana can baya a matse, igiyarsa a cinya, yana kallon waje ba ya ganin komai.

"Baba Halliru! Sauko, don Allah. Ƙarya niy yi maka. Ni nig goge kunnen. Saniyarka tana nan, na san inda take."

Duk motar ta juyo. Mai jan gemu ya saki baki. Maharazu ya sake faɗa da ƙarfi, don waɗanda suka yi dariya ɗazu, in akwai su a ciki, su ji: tsohon bai ruɗe ba, tsaga biyu ce a hagu, datsi a dama, kuma mutumin da take hannunsa amana yake riƙo, shekara uku yana cigiyar mai ita.

Halliru ya sauko da ƙyar, ƙafafunsa sun sage. Ya tsaya ya kalle shi sama da ƙasa.

"To mi as sa kag goge?"

"Na zaci sata ta."

"Kai ka san mutumin?"

"Na san shi," in ji Maharazu, ya sunkuyar da kai. "Shekara bakwai."

Tsohon ya girgiza kai kawai, ya hau bayan babur.

Sun isa Kalmalo rana ta yi sanyi, shanu sun tashi sun gangara bakin ruwa. Jaɓɓo ya taso ya tari baƙon, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta dabbobi da ta damina, kamar babu abin da ya kawo shi. Sai da suka gama Jaɓɓo ya ce, "Shaida kowa na iya gani shi hwaɗi. In taka ta, kira ta."

Halliru ya matsa gaba kaɗan. Ya gyara murya. Ya yi wani ɗan kira daga maƙogwaro, sannan ya ambaci sunanta, "Lalle. Lalle, zaka."

Jar tana cikin ruwa har gwiwa. Ta ɗago kai, ruwa yana zuba daga bakinta, kunnuwan nan biyu suka miƙe. Ta yi wani kuka mai tsawo, ta ratso fararen tana ture su, ta zo ta sa goshinta a ƙirjin tsohon har ta kusa kayar da shi. Halliru ya rungume wuyanta yana kuka kamar yaro, bai damu da wanda ke kallo ba. Ya ce ita kaɗai ta rage daga shanun ubansa.

"Ba ita ɗai ba," in ji Jaɓɓo. "Ukku na. Ga ɗiyarta, ga ɗanta."

Halliru ya rantse sai Jaɓɓo ya riƙe ɗan maraƙin. Jaɓɓo ya ce ya sha nono shekara uku, ya isa. Suka yi ta ja, a ƙarshe aka bar maganar sai gobe a gaban Arɗo da shaidu, inda za a miƙa su yadda ya kamata. Jaɓɓo ya ce baƙo zai kwana a ruga, akwai tabarma, akwai tuwo. Ya yi wa shanu kira, suka fara fitowa daga ruwa suna bin hanya.

Maharazu yana gefe riƙe da babur, da yagaggen wando da jan tabo a riga. Ya ji daɗi, wallahi ya ji, har idonsa ya kawo ruwa. Yana jira tsohon ya juyo ya ce masa wani abu, ko faɗa ne, ko irin tsokanar da ya saba, ya ce Jiƙau yau ka jiƙa abin da ya fi ƙarfinka. Da ya faɗi haka da shi ke nan, an wuce wurin.

Jaɓɓo ya juyo. Ya zo har gabansa, ya miƙa masa hannu biyu, da ladabi, irin yadda yake yi wa malamin allurar shanu idan ya zo daga gari.

"Malam Maharazu, mun gode da ɗawainiya. A sauka lahiya. A gai da gida."

Ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya bi bayan garken, Halliru yana gefensa da hannu a kan gadon bayan jar saniya.

Maharazu bai tayar da babur ba. Ya zauna a kansa, jakar da takardar ke ciki tana rataye a wuyansa, yana kallonsu suna tafiya har suka shige bayan giginyu. Sauro ya fara cizonsa a ƙafa, masunta suka jawo kwalekwalensu suka wuce shi suna yi masa sannu. Yana nan zaune har aka kira magariba a cikin Kalmalo.